Allon da Na Rataye

Yaran da ke karatu a gabana yanzu suna cewa na cika tsanani, wai ko akuya ce ta shigo zaure sai na tambaye ta ƴar gidan wa ce. Ina jin su, ai ba kurma ba ne ni. Kullum la'asar sakaliya sai na tsayar da su, na kira kowa da bakina, ya amsa, na ɗaga ido na dubi fuskarsa. Wanda ya amsa wa wani, ko da wasa ne, ranar ba zai ji daɗina ba. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Yanzu da ƙarfi ya fara ƙarewa nake so in rubuta shi, ko don kada su zaci muguntar tsufa ce kawai.

Garinmu ƙaramin gari ne a cikin yashi, tsakanin Urafane da Mayahi, kuma abin da zan faɗa ya faru tun Nasara ba su shigo ƙasar ba. An kewaye garin da kafi na itace da ƙaya, ƙofa ɗaya ce, ana rufe ta da magariba, kuma in an rufe ko ɗan mai gari ne a waje sai dai ya jira safiya. Zamanin mahara ne. Mutum na noma yana waiwaye.

Makarantarmu a zauren Malam take, kusa da ƙofar gari. Mu duka ƴan gari ne, kowa gidan ubansa yake ci yake kwana. Malam dogo ne, siriri, ba mai yawan magana ba, amma dokokinsa sun fi gashin gemunsa yawa. Ba a zuwa tabki. Ba a leƙa rijiya. Babba ba ya dukan ƙarami, bulala ta Malam ce shi kaɗai, ita ma ba ta wuce uku, kuma ba ya taɓa kai ko fuska. In ransa ya ɓaci ƙwarai sai ya ajiye bulalar ya ce gobe, don ya ce mai fushi ba ya horo, ramuwa yake yi. Mu kuwa mun fi tsoron goben nan da bulalar kanta. Yaron da zazzaɓi ya kama, mutum biyu za su raka shi har hannun uwarsa. Muna ta gunaguni a bayan idonsa, muna cewa ko numfashi ma wata rana sai an nemi izini.

Babbar dokar ita ce ta allo. Kowace Laraba da azahar ake tura mu daji neman itacen wutar karatu, biyu-biyu, kuma wanda kuka fita tare da shi kuke dawowa. Kafin mu fita kowa zai sauke allonsa daga bango ya sa a wani babban kwando a bakin zaure. In an dawo, kowa ya ɗauki nasa da hannunsa ya rataye a maratayinsa. A jikin bangon zaure an kafa gajerun itatuwa a jere, kowane yaro da nasa. Malam sai ya dubi bango. In ya ga maratayi babu allo, ya san akwai ɗan mutane a daji, nan take za a buga ganga maza su fita tun da sauran haske. Mutanen gari ma sun saba, uwa in tana neman ɗanta sai ta aika a dubo bango.

Dokar nan da dalilinta. Shekarun baya mahara sun taɓa ɗauke yara biyu wajen itace, ba wanda ya lura sai washegari, lokacin iska ta shafe sawu. Tun daga nan Malam ya kafa itatuwan. Kowane laifi da bulalarsa, ban da ɗaya. Wanda ya rataye allon wani, ba duka, kora ce, ya ɗauki allonsa ya tafi, kada ya sake taka zauren. Babana kuwa bai yi karatu ba, duk burinsa a kaina yake. Ko a bakin rijiya sai ya gaya wa mutane inda na kai a karatu, har kunya nake ji.

Abokin fitata ɗan maƙwabtanmu ne, zana ɗaya ce ta raba gidajenmu. Sa'ana ne, amma gajere ƙwarai, shi ya sa maratayinsa ne na can ƙasa. Ubansa ya tafi fatauci ya daɗe, uwarsa ce ke riƙe da shi da ƙannensa. Ni Inna nake ce mata, don ta goya ni kamar yadda uwata ta goya shi. Yaro ne mai surutu da son gwaninta. Allonsa tsoho ne na kakansa, mai nauyi, shi ya sa kullum sai ya naɗa igiyar sau biyu a maratayi kafin ya sake shi. Ina yi masa dariya ina cewa allo yake ratayewa ko jaki yake ɗaurewa.

Ranar Larabar da nake magana lokacin ɗari ne, an gama girbi. Mun haɗa itacenmu da wuri, mun ɗaure, mun kamo hanya, sai ya tsaya ya sauke nasa.

Ya ce, "Kai, tawadarmu ta lalace. Jiya Malam ya ce rubutuna kamar kaza ta taka ruwa ta bi allo. Ƙaro muka rasa. Bari in tahi in ɗebo muna."

Tawadarmu da baƙin tukunya da ƙaron itacen ɗakwara muke haɗa ta, in babu ƙaro ba ta kama allo. Gaskiyarsa ce, tawa ma ta tsinke.

Na ce, "Rana ta yi sanyi, mu tahi gida. Wata Larabar mu ɗebo tare."

Ya ce, "Wata Larabar ƴan awaki sun cinye. Ɗakwarorin gabas ne, nan kusa. Kai dai ka rataye mini allona. In awaki sun taho shiga gari sai in bi cikinsu, wa zai sani? In ma dare ya yi mini, sai in kwana tungar gwaggona. Matsoraci kawai. Har naka zan ɗebo maka."

Kalmar matsoracin nan ce ta ci ni, da kuma kwaɗayin ƙaron. Na ɗora itacensa a kan nawa, na taho. Da na waiwaya na hango shi yana gudu, ɗan gajeren nan, yana ta tsalle a kan tsaunin yashi. Ba gabas sosai ya nufa ba, ya ɗan karkata arewa. Na gani sarai.

A arewa da gari akwai wani kufai, inda wasu mutane suka zauna da can suka watse. Ba mai zuwa wurin, ana cewa akwai iskoki. Saboda haka ɗakwarorin wurin ba wanda ke taɓa su, ƙaro a jikinsu kamar an liƙa. Duk yaron garin ya san haka.

Na iso zaure cikin cunkoson yara, Malam yana alwala a gefe. Na haɗa alluna biyu baya da baya na ɗauka kamar ɗaya, na rataye nawa, na sunkuya kamar ina cire ƙaya a ƙafa na rataye nasa. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Har wani daɗi na ji a raina, na ce ashe dokar Malam ma ana iya yi mata dabara. Malam ya idar da salla, ya dubi bango, ya ga ya cika, ya sallami yara. Daren Alhamis ba karatu, sai Asabar. Mu uku aka bari muna jera itace, don ranar layinmu ne.

Awaki suka fara shigowa. Ina jera itace ina leƙen ƙofa, garke ya shige, wani ya shige, ba shi. Rana ta yi ja. Sai ga wani makiyayi, daga Buzayen da ke zaune arewa da mu, ya shigo da sauri yana haki, rawaninsa ya kwance. Ya tsaya gaban dattawan da ke bakin ƙofa, kusa da zaurenmu, ina jin kome.

Ya ce, "Ku duba ɗiyanku. Na biyo ta kuhwai da bisashe, na ji murya. Muryar yaro ce, daga ƙasa take hitowa. Na yi kira, ta amsa, na nema ban ga wuri ba, bisashena sunka watse. Ku ba ni maza da igiya."

Wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Murya daga ƙasa a kuhwai, da magariba? Ai kai ka auna arziki da ba ka gan shi ba. Masu wurin ne ke kiranka."

Makiyayin ya ce, "Na girma cikin daji, na san kukan kome. Wanga ɗan mutum ne."

Mai gari ya ce a tambayi Malam, tunda yaransa ne suka fita daji ranar. Malam ya shiga zaure, muka bi shi da ido. Ya tsaya gaban bango, ya bi alluna ɗaya bayan ɗaya yana taɓa kowane da yatsa. Da ya zo na ƙasa ya ɗan daɗe. Sa'an nan ya juyo ya dube mu, mu ukun.

Ya ce, "Akwai wanda ya rataye allon da ba nashi ba?"

Muka sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Fuskar babana kawai nake gani a bakin rijiya, da ni ɗauke da allo an koro ni. Na ce wa kaina ai gabas ya ce, gwaggonsa ma a gabas take, yanzu haka yana can yana shan fura. Malam ya tambaya na uku, a hankali, kamar mai roƙo. Sauran biyun suka ce babu. Ni ma na ce babu.

Malam ya fita ya ce, "Namu sun cika."

Duk da haka mai gari ya sa sanƙira ya zaga yana shela kowa ya duba ɗiyansa. Makiyayin ya tsaya yana ta rantsuwa har aka ce masa ko ya shigo ko ya fita, za a rufe. Ya fita yana girgiza kai. Ina kallo aka ja ƙayar ƙofa.

Ina shiga gida na ji muryar Inna ta kan zana.

Ta ce, "Kai, ina abokinka? Na ji ana shela."

Na ce, "Allonshi yana bango, Inna."

Ta ce, "To, madalla. Yana can wajen wasa ke nan, mai ƙahwar yawo. In ya kwana wajenku ka ce mishi tuwonshi na ruhe."

Ban yi mata ƙarya da baki ba, kuma shekaru na yi ina riƙe da wannan kamar wani abin kirki. Ba abin kirki ba ne. Ta tambaye ni ɗanta, na nuna mata katako. Ranar ban iya cin tuwo ba, na ce cikina ke ciwo.

Da gari ya waye na riga kowa zuwa ƙofa. Aka buɗe, mata suka fita rijiya, masu nono suka shigo, ba shi. Na zauna nan har hantsi ina cewa yanzu zai ɓullo yana yi mini dariya. Sai na ji salati daga unguwarmu. Inna ta shiga gidanmu kiransa, uwata ta ce ai bai kwana nan ba. Kafin in tashi babana ya iso ya damƙi kafaɗata ya ce ina muka rabu. Na ce, "Ya ce zai tahi neman ƙaro." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Da jin ƙaro, maza suka dubi juna, kowa ya san inda ƙaro yake.

Aka buga ganga, gangar da ya kamata a buga jiya. Maza suka fita da igiyoyi, na bi su, ba wanda ya kula ya kore ni. Muka iske makiyayin nan ya riga mu, tun asuba yake zagaya kufan shi kaɗai, har ya gano wurin. Tsohuwar rijiyar mutanen kufai ce, an rufe bakinta da itace tun da daɗewa, yashi da ciyawa sun rufe itacen, gara ta cinye shi daga ƙasa. Tana gindin wata ɗakwara. Rami ne kawai ya buɗe, wanda bai fi faɗin faifai biyu ba.

Rijiyar ta cike da yashi, saura kamar gaba biyar. Faɗuwar ba ita ta kashe shi ba, ƙafa kawai ya karya. Aka zura mutum da igiya, ya daɗe a ciki, da aka jawo shi ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce yaron ya yi ta ƙoƙarin hawa, duk bangon sawun yatsunsa ne, yana tona yashi na zubo masa, har ya binne shi zuwa ƙirji. Ya ce jikinsa bai gama sanyi ba. Da aka fito da shi na ga yatsun. Ba zan faɗi yadda suke ba.

Makiyayin ya miƙe tsaye. Ya dubi dattijon da ya yi masa dariya, ya dubi Malam, ya gyara rawaninsa ya tafi.

Aka yi jana'iza da azahar. Kafin yamma gari ya riga ya shirya labarinsa: yaron ya dawo, ya rataye allonsa, sa'an nan ya sulale ya koma daji. Ana ta cewa Allah ya jiƙansa, amma dai rashin jin magana ne, ga doka an kafa don su, ya tsallake. Iyaye suna ja wa ɗiyansu kunne da shi. Ina zaune a cikin masu zaman makoki ina jin ana ɗora wa mamaci kayana, shi kuwa ba bakin musu. Kwana uku na yi haka. Na tsani kaina, na tsani kowa, har shi mamacin na ji haushinsa don ya ce mini matsoraci kuma ya zama gaskiya.

Ranar sadakar uku da hantsi na je zaure. Malam yana zaune shi kaɗai, ba littafi a hannunsa. Allon abokina yana nan a maratayinsa, ba wanda ya taɓa. Na durƙusa na ce, "Malam, ni na rataye shi."

Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce in ɗauki allona. Wallahi da bulala ɗari zai yi mini da na gode masa.

Ya ce, "Na sani."

Na ɗago.

Ya ce, "Shi sau biyu yake naɗa igiya. Ranar sau ɗaya na gani. Na gani da idona, yaro. Na tambaye ku har uku, kuka ce babu, na ce ƙila sauri ya yi. Gidansu taku nawa ne daga nan? Da na taka da ƙahwata na ce a nuna mini shi, da an buga ganga. Ban taka ba. Dokata ce, ni na kahwa ta, ban so a ce ta yi ƙarya gaban dattawa a kan maganar baƙo. Kai tsoron kora ya hana ka, kuma ni na sa maka tsoron. Ni mi ya hana ni?"

Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka ba sai ranar. Ba sauti, hawaye kawai na bin gemunsa. Ya tashi ya bi bangon yana cire itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, laka na zuba, ya tara su a kan itacen wuta. Ya ce daga yau suna zai kira, ya ga fuska. Ya ce kuma duk wanda ya zo ya faɗi laifinsa don a ceci wani, ba kora ba duka. Sa'an nan ya miƙo mini allon abokina.

Ya ce, "Ba ni korar ka. Ka kai wa uwarshi, ka gaya mata da bakinka. Ni zan gaya wa gari nawa bayan la'asar."

Tsakanin zaure da gidansu ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Na iske masu gaisuwa sun ragu, Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, ƙaramin ɗanta a cinya. Ta rame kamar ta yi wata tana jinya. Na durƙusa nesa, na ajiye allon a gabanta, na faɗi kome, tun daga inda ya sauke itace. Na gaya mata bai dawo ba balle ya sulale, bai karya dokar da ake cewa ya karya ba. Ba ta katse ni ba.

Da na gama ta ce, "Da makiyayin ya zo, kana wurin?"

Na ce, "Ina wurin, Inna."

"Ka ji abin da ya ce?"

"Na ji."

"Da na tambaye ka ta kan zana, ka riga ka ji?"

Na ce, "Na riga na ji."

Ta gyaɗa kai. Ta sauke yaron, ta shiga ɗaki, ta fito da wani ɗan tsumma, wanda abokina yake ɗaurawa a ƙugu. An ƙulla shi wuri biyu, kowane ƙulli kamar ƙwan kaza. Ta kwance ɗaya, ga ƙaro fari tas, mai kyau, irin wanda ba mu taɓa samu ba. Ta mayar ta ƙulle. Ta ɗauki wuƙa ta raba tsumman biyu.

Ta ce, "Masu yi mishi wanka sunka kawo mini. Tun da na ga ƙulli biyu na san akwai wanda ya sani. Kwana uku ina jiran in ga ko zai zo." Ta ajiye ɗaya a kan allon, ta turo mini ɗayan da bakin wuƙar. "Wanga naka ne. Ɗauki, ya cika maka alkawarinshi."

Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Ɗauki." Na ɗauka.

Inna ta yi shekaru da yawa bayan nan, zana ɗaya tsakaninmu. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa ƙin amsa gaisuwata ba. Ranar da na sauke karatu har da ita a masu dafa abinci. Amma tun daga ranar, ko akuyarta ce ta ɓace, sai ta wuce ni ina zaune a ƙofar gida ta je ta tambayi wani.